Rabin Rana a Katako

A Katako na gan ta, jingine,
tsakanin gawar firji da ƙafar gadon asibiti:
ƙofar ƙarfe, tsatsa ta cinye mata gindi,
amma kanta na nan,
rabin rana da haskenta miƙe
kamar yatsun mai roƙon ruwa.

Saini ya aza ta a sikeli.
Kilo tamanin da huɗu, in ji shi, kawo jika goma sha biyu.
Na ce, wane gida aka kashe?
Ya ce, wani can Filato, mai goshi hawa-hawa,
banki za a dasa a gurbinsa, na gilashi.

Na san gidan.
Kakana Tankari ya nuna mini shi da sanda
shekarar da yana ta fara rufe masa ido.
Daga Tawa aka koro su a ƙafa, su arba'in,
lokacin da aka ɗauke kujerar mulki daga Damagaram
aka girke ta a bakin kogi.
Yamai ba ta yi ƙashi ba tukuna,
bukkoki ne, da gawo, da kukan dorina.

Nasara ya zo da takarda, in ji shi,
yayin da ake yi a babban birninsu:
layi tsaye, layi karye,
matakala a goshin soro wadda ba mai hawa,
kusurwa lanƙwashe kamar ƙirjin jirgin ruwa
a ƙasar da ba ta san teku ba.
Ya shimfiɗa ta, ya danne da duwatsu huɗu,
ya ce ga sabon zamani.
Kakana ya duƙa, ya duba, ya haɗiye dariya.
Zanen ƙwaryar uwarsa ne,
haƙoran nan na bakin faifai,
tsagar da dukawa ke yi wa matashin fata.
Ɗan gida ne ya je Faransa, ya sa kwat,
ya dawo yana tambayar hanya.

Wata biyu yana dukan ƙarfen nan
da zugazugin fatar akuya.
Takarda ta ce haske goma.
Shi ya ƙera goma sha ɗaya,
na ƙarshen don ƙanensa Nomau
da ya zauna hutawa kafin Dogon Dutsi
bai tashi ba.
Nasara ya zo, ya shafa, ya ce da kyau.
Bai ƙirga ba.
Masu farin takalmi sun shiga sun fita,
tuta ta sauka, wata ta hau,
magatakarda sun tsufa a bayan tagogi,
ba wanda ya ƙirga.
Shi kuwa da ya ƙera ta
ta ƙofar baya ya karɓi sallamarsa:
gishiri mudu ɗaya.

Na biya Saini ban taya ba,
har ya dube ni kamar na zautu.
Amalanke ta kai mini ita Bukoki.
Kwana uku ina kankare fenti,
kore a kan shuɗi, shuɗi a kan fari,
kowane mulki da launinsa,
sai can ƙasa baƙin ƙarfe
da sawun guduma, ƙanana, a jere,
hannun bahago.
Ni ma da hagu nake riƙe walda.

Tsahara ta ce ta fi ƙarfin zaurenmu.
Gaskiyarta.
Na fasa bango taƙi biyu,
maƙwabta suna leƙe, suna cewa
ina talaka ina ƙofar gwamna.

Yanzu in la'asar ta yi sanyi
rana ta gaske takan ratsa ta ƙarfe,
ta zube a tsakar gida, tsaga-tsaga.
Ƴata Zali tana tsallake su da ƙafa ɗaya,
tana ƙirga da Faransancin lakwal,
ta kai goma ta tsaya, tana lilo,
ta ce, Baba, akwai saura.
Na ce, taka shi a hankali.