Rami Ɗaya Na Haƙa

Rami ɗaya na haƙa a bayan gida,
kwana uku ina fama da diga.
Ƙasar Tucson ba ta san zumunci ba:
taƙi biyu ka nutsa, farin dutse ya ce maka tsaya.
Tafina ya yi kanta, ƙuguna ya riƙe,
Tasalla ta leƙo ta taga tana dariya,
wai, "Malam, kabari ne ko rijiya?"

Ran Asabar muka je lambun da ake sayar da dashe,
can inda kwalta ta ƙare, duwatsu suka soma.
Ƙarƙashin rumfar raga, inda famfo ke feshi kamar yayyafi,
na gan shi.
Sun rubuta masa wani dogon suna a kwali,
ni kuwa na san shi tun ban san wando ba:
gwaza ne.
Ganye ya fi faifai,
ɗigon ruwa na yawo a kansa, bai jiƙa shi ba.

Irinsa ne a bakin rariyar Inna a Kafanchan,
yana shan ruwan wanka da na wanke-wanke,
ba wanda ya taɓa kiransa ado.
Mukan tsinko ɗaya mu kifa a ka
in hadari ya tare mu a hanyar makaranta.
Yau ga shi a tukunyar roba,
dala arba'in da biyar, ban da haraji.

Efraín, tsohon mai lambun, da malafarsa,
ya ga inda idona ya maƙale.
Ya ce, "Wannan basarake ne, sai da hadimi.
Safe ruwa, yamma ruwa, inuwa kuma dole.
Yuni zai babbake gefensa kamar takarda,
sanyin Janairu ya kwantar da saura."

Ya ja ni waje, cikin tsakar rana,
ya nuna mini wani siririn abu,
na zaci tsumagiya ce aka soke a tukunya.
Kore shar tun daga gindi har reshe,
ganye mitsi-mitsi kamar na bagaruwa, ga ƙaya.
"Palo verde. Shayar da shi shekara biyu,
daga nan ka manta da shi.
In fari ya tsananta, ya zubar da ganye, ya rayu da ɓawo.
Afrilu kuwa, rawaya har kan motar maƙwabta."

Na ce, "Inuwa fa?"
Ya dubi furfurata, ya dubi tsumagiyar.
"Shekara bakwai. Ko takwas."

Tasalla ba ta tanka ba.
Ita ke buɗe takardar kuɗin ruwa duk wata,
ita ke kashe mini famfo in na daɗe ina goge baki.
Ta shafa ganyen gwazan da bayan hannu
yadda ake taɓa goshin yaro mai zazzaɓi,
ta juya.

Ɗaya ya san sunan da Inna ke kirana,
amma kullum zai roƙe ni abin da garin nan ba shi da shi.
Ɗayan bai san ni ba, ban san shi ba,
sai dai ya riga ni iya zama a nan.
Ni da shekara ashirin da shida ina cewa baɗi za mu koma.

Tsumagiyar muka ɗauko.
Kanta ya fito ta tagar baya, tana gai da masu wucewa.
Na dasa ta bayan la'asar, na kewaye ta da gurbi.
Yanzu a gindinta nake alwala,
abin da ya zubo daga gwiwar hannuna rabonta ne.

Gwaza kuwa, a hanyar dawowa
Tasalla ta sa na tsaya a kantin 'yan Vietnam.
Ta auno guda shida.
Da dare ta dafa, muka ɓare da zafinsa,
muka dangwala da yaji da man gyaɗa.
Ya ɗan yi mini ƙaiƙayi a maƙogwaro,
kamar da.