Ranar da Masu Awo Suka Zo

Tun asuba na kwaɓa farar ƙasa a bokiti,
na ja layi daga tirken gabas zuwa na yamma,
hannuna bai karkace ba.
Shekara goma sha ɗaya nake jan layin nan,
sai yau za a auna shi.

An ce jami'o'i takwas masu gasa tare
za su muskuta su ba mutum ɗaya wuri a tabarma.
Mu uku ke nema.
Wata tana da fitilu masu mai da dare rana,
wata tana bakin kwalta, mota ba ta wahala,
mu muna da ni, Nomau, da bokitina,
da yara ashirin da biyu
da takalman da ba su kai kowa ba.

Suka iso da hantsi, su huɗu,
Madam Zuwera a gaba da takarda mai gida-gida,
kowane gida na jiran lamba.
Tsawon fili? Aka ja igiya.
Wurin zama? Aka ƙirga, ɗari da sittin,
har da bencin da Tankari ya ɗaure wa ƙafa da waya.
Na so in ce, Madam, ɗaga kai,
bedin can yana goya mutum talatin ran Asabar,
katangar nan ɗari biyu,
ƴan kabu-kabu kuwa bisa baburansu suke tsayawa.
Amma takardar ba ta da gidan icce.

Wani mai tabarau ya ce, nisa fa?
Daga Maraɗi zuwa Yamai lita nawa,
wa zai biya masauki, wa zai biya tuwo?
Ya latsa lissafi a salula, ya tsuke baki.
Gaskiyarsa.
Ƙwallo iska ce a cikinta,
amma motar da ke kai ta ba iska take sha ba.

Ana cikin haka jar akuyar Indo mai ƙosai
ta kutso ta ɓarakar shinge,
ta tattake layina,
ta tsaya cak inda ake ɗora fenariti,
tana duban kwamiti kamar ita ma aiko ta aka yi.
Shugaban wasanni ya jiƙe har wuyan riga.
Madam ta yi dariya, ba ta rubuta ba.
Ko ta rubuta, ni dai ban gani ba.

Aka ce yara su ɗan taka.
Tsahiru ya shiga raga,
ɗalibin noma, ajin ƙarshe,
wanda ya koyi faɗuwa a yashin Gulbi
tun yana kokawar dare da ƴan Tibiri.
Mai tabarau da kansa ya cire agogo, ya naɗe wando.
Ƙwallo biyar. Huɗu a hannu.
Ta biyar ta fita ta wurin da na ɗinke jiya da zaren buhu,
har yanzu a teburin mai shayi ana musu
ko ta ciki ta bi ko ta waje.

Da la'asar suka rufe ƙofar mota.
Sai bayan wata biyu, in ji su,
in an zauna an gwada mu da sauran.
Ban san nauyin da za mu yi ba.
Na taɓa sayar da gujiya a kasuwa, na san tiya.
Mai awo ba ya tambayar ƙwaya
ruwa nawa ta samu kafin ta yi ido,
shi dai ya ga baki ya cika.

Na koma na shafe sawun akuya,
na sake zuba fari a wurin.
Tankari ya turo amalanke yana kirana,
Nomau, kama mini,
arba'in daga cikin kujerun nan na haya ne,
kafin magariba za a mai da su,
gobe akwai suna a Bagalam.