Matakala Ashirin da Bakwai

Matakala ashirin da bakwai ce
tsakanina da Titin Kontagora.
Ta tara ta guntule tun ban zo duniya ba,
ƙafata ta san wurin,
ko an ɗauke wuta ba na lalube.

A ƙasa Tanimu tela ne,
kekensa ke tashina, ba zakara ba.
A tsakiya Iya Folake,
wadda in ta jefa attaruhu a mai
sai bene uku ya yi atishawa tare,
mu dinga yi wa juna sannu ta taga.
A sama ni ne, da tankin ruwa,
da tattabarun da ba su taɓa biyan haya ba.

Unguwar nan kowane layi sunan gari ya ci.
Sai in fita sayen ƙosai in ratsa Ibadan,
in gaisa da mai jarida a Legas,
in ɓullo ta Kano,
in dawo gida ƙosan bai huce ba.
Abin da kakana ya yi wata yana yi a kan jaki
ni da silifa nake gamawa.

Daga baranda nake jin garin yana kiran sassan jikinsa:
Kawo! Kawo! Saura mutum ɗaya!
Kakuri, Sabo, shigo da canjinka!

Baba Yohanna Kure na ɗakin baya
ya yi aikin reluwe har gashinsa ya yi fari.
Ya ce a gabansa aka zuba dakalin gidan nan,
lokacin da jiniyar masaƙa ke raba wa mutane yini.
Har yau in la'asar ta yi yakan duba agogo,
ya karkata kunne wajen gada.

Ba na ɓoye aibin gidan.
Mita ɗaya gare mu, ran biyan kuɗin wuta
kowa rantsuwa yake ba shi da dutsen guga.
Ɗan garuwa in ya ɗaga kai ya hango ƙofata
sai farashi ya hau kafin shi ya hau.
Da damina bokiti uku ke kwana a falona.

Yayana Sallau ya yi gini can bayan Rigachikun,
katanga ta fi rufin tsawo.
Ya ce gidan haya ba gida ba ne.
Na kwana can sau ɗaya,
shiru ya hana ni barci.

Bara da zazzaɓi ya kwantar da ni
ban gaya wa kowa ba.
Kwana biyu sai ga ƙwanƙwasa,
Iya Folake ce da farfesu, tana haki.
Ta ce, “Silin ɗina ya yi shiru,
ban ji takunka ba.”

Jiya magada suka zo da igiyar awo,
da wani mai takalmi mai sheƙi.
Na ji ana ambaton shaguna da gilashi.
Sun auna tsawo, sun auna faɗi,
sun rubuta komai a takarda.
Wajen saukowa
mai takalmin ya yi tuntuɓe a ta tara.

Tanimu bai ɗago kai ba.
Ya dai ƙara wa kekensa wuta.