Tafintan Alƙali Kyari

Shekara talatin da huɗu ina tsaye a hagunsa,
ya faɗa da Faransanci, in juye da Hausa,
alhali Hausar bakinsa ta fi tawa gishiri:
ɗan Birni ne, bayan majema aka binne cibiyarsa.

Ranar da aka kawo shi daga Gure
rigar shari'a ta yi masa yawa a kafaɗa.
Yau baƙinta ya koma toka,
telan Kasuwar Dole ya san gwiwar hannunta sau bakwai.

Na tuna rikicin gonar Mirya:
wa da ƙane, takardu uku, kowa da rantsuwarsa.
Ya rufe takardun, ya ce a tada mota.
Muka gasu a rana har ya tono saiwar gamba
da kakansu ya dasa a kan iyaka.
Ya ce, ga shaidar da ba ta cin goro.

A shekarar da famfo ya yi wata biyu bai ɗiga ba,
wani attajiri mai ƙara a gabansa
ya aiko tankar ruwa har ƙofar gida.
Ya sa aka juye ta a Kara-Kara,
ya biya daga albashinsa, ya karɓi rasit.
Uwargida ta yi kwana uku ba ta tanka masa ba,
jarkokinta sai iska.

Ba zan ce bai taɓa tuntuɓe ba.
Akwai Agali na Tanut,
wata goma sha ɗaya a gidan kaso
kan raƙumin da daga baya aka tsinta a wani garke.
Ranar sakinsa, Kyari bai dube ni ba.
Ya sauko daga kujera,
ya ce da bakinsa, da harshen uwarsa: ka yafe mini.
Ranar kaɗai na rasa aikin yi.

Jiya an zo daga Yamai da lambar girma,
an yi jawabai, na fassara rabi,
ragowar ba ta da ƙwaya.

Yanzu yana kan tabarma a inuwar dutse,
maƙwabta na kawo ƙarar akuya da bangon da ya karkace.
Ba ya bukatar tafinta.
Duk da haka nakan zo bayan la'asar,
in zauna a hagunsa,
in hura wa shayi gawayi.