Gefen Hanya

Ƙarfe biyun dare a Akoka.
Janareto na tari bayan ɗakin gwaji,
ni da tukunyar sanyi muna gadin juna.
Can cikinta, inda sanyi ya wuce a kira shi sanyi,
ƙarfe ya daina yi wa lantarki gardama.

Dakta Ogunbiyi ta ce, "Duba nan, Asabe,
gaɓa biyu ce ta alminiyam,
tsakaninsu ɗan ɓawon dutse
da silin gashinki ya ninka sau dubu.
Cikinsa a toshe yake.
Gefensa kuwa titi ne."

Ai wannan karatun tun a Agege na haddace shi.
Duk wanda magariba ta riska a kan doguwar gada ya sani:
tsakiya ta tsaya cak,
mai ruwan leda da mai soyayyar ayaba
su ne ke gudu ta gefe.

Ƙwayoyin lantarki biyu-biyu suke ƙetarewa,
kafaɗa da kafaɗa,
ba ham, ba birki,
ba kwandasta mai ihun a kawo canji.

Sai na murɗa maganaɗisu,
kaɗan, kamar mai sa gishiri a miyar wani.
Layin allo ya rusuna,
ya kwanta ƙasa.
Na ce shi ke nan, na shiga tsakanin aminai.
Na ƙara murɗawa, sai ga shi ya ɗago,
ya faɗi, ya ɗago,
kamar ruwa ƙarƙashin gidajen katakon Makoko
bayan kwalekwale ya wuce.

Da a ce ta tsakiya suke bi,
da kowane tudu ya fi na bayansa gajarta.
Waɗannan sun ƙi.
Na tashi Dakta daga kan benci,
ta gyara tabarau, ta daɗe ba ta ce uffan ba.
"Ko gefe biyu ne ke amsa wa juna,
ko kuma waya ce ta kwance."

Heliyam na ƙarewa, shi da ake saye da dala.
Kafin kiran assalatu tukunya za ta fara ɗumi,
ƙarfe ya koma halinsa.

Waya ta yi ƙara: Baba ne,
ana sauke masa albasa a kasuwa.
"To, kun gano abin?"
Na ce, "Tukuna, Baba."
Ya ce, "Kin dai ci abinci?"

A gefen takarda na rubuta:
a sake aunawa ranar Talata,
in an kawo mai.