Gyara Mai Kuɗi

Ƙarfe huɗu na asuba a kasuwar Jagalchi,
ƙanƙara na cizon yatsa ta cikin safar roba.
Akwati arba'in na sauke daga jirgi,
na arba'in da ɗaya ya fashe mini a ƙafa.
A aljihuna waya, a wayar talla:
sabon tsibiri, takubba biyu, doki mai fukafukai,
won dubu ashirin da huɗu, yau kaɗai.
Jiya ma yau kaɗai suka ce.

Wasan kansa bara na saya da guminna.
Na kayar da dodanni bakwai, na kai ƙarshen teku,
sai ga ƙofa a jikin wani dutse,
an yi mata zane, an ɗaura mata kwaɗo.
Magini ya gama ɗakin tun tuni,
ya sayar mini da gida
ya riƙe makulli ɗaya a aljihu.

Na zauna kan akwati ina lissafi.
Kuɗin nan kwano uku ne na romon kifi,
awa biyu da rabi ne na ciwon baya,
rabin takalmin robar da nake ta ɗagawa
tun watan da na hagu ya fara shan ruwa.

Pyeon Dal-su ya saya, shi ba ya haƙuri.
Ya ce awa shida ne, huɗu a ciki aike ne:
je ka ɗebo ganye, dawo, koma ka ɗebo.
Dokin kuwa tsohon dokinmu ne,
fenti suka shafa masa, suka liƙa gashin tsuntsu.
Na ce to an cuce ka.
Ya yi shiru, ya murza kofin takarda.
Ya ce akwai wani tsoho a saman hasumiya
mai kunna fitila don jirgin ɗansa
da ya nutse shekara ashirin.
Ya ce washegari a jirgin ƙasa ya tuna shi,
har ya wuce Seomyeon bai sauka ba.

To wannan a wane sikeli zan ɗora?

Na kai ƙara gun Inna Ok Seon-ja,
shekara talatin tana fafe cikin kifi.
Ba ta ɗago ba, wuƙa na tafiya.
Ta ce kifi ana duba idonsa,
a danna jiki, a shinshina kunne.
Wanda ya ce biya kafin ka buɗe leda,
ko dai ya yarda da kayansa ƙwarai,
ko yana sauri kafin wari ya tashi.
Sai ta auna wa wata mata kilo biyu,
allura ta tsaya, ta jefa ƙaramin kifi a kai.
Ba ta ƙara ko won ɗaya ba.
Ta ce wannan shi ne gyara, yaro,
naku kuwa ciniki ne na biyu.

Ban ce masu zanen ba su ci tuwo ba.
Wani ya kwana yana gyara hasken fitilar can,
kamar yadda na kwana da ƙanƙara.
Gumi gumi ne.
Amma awa huɗun tsinkar ganye fa,
wa zai biya ni su?

Yatsana ya yi shawagi kan maɓallin
kamar tsuntsun teku kan kwandon shara.
Mota ta yi ƙaho, wani kaya ya iso.
Fuskar waya ta mutu da kanta.

Daren Asabar na hau tudun Yeongdo
da kifi biyu a leda, Inna ta ba ni.
Dal-su ya soya, ya miƙo mini na'ura.
Na ce tsallake mini ganyen,
kai ni wurin tsohon.

Fitilar ta juya sau uku a kan ruwa.
Ban ce komai ba, shi ma bai tambaya ba.
Takalmin na saya ranar Litinin.
Tallar tana nan, wai yau kaɗai,
kuma ban goge ta ba.