Abin da Jini Bai Faɗa Ba

Ƙarfe biyar na asuba, hawa na huɗu,
tagoginmu na kallon tashar jiragen ruwan Valparaíso.
Ina bin gadaje da kwandon ƙananan kwalabe,
ina karɓar jini daga hannuwan da ba su gama barci ba.

Kafin hantsi ɗakin gwaji ya aiko da takarda.
Ana auna furotin da hanta ke zubawa a jini,
a ce idan ya yi ƙasa, yunwa ta shiga gidan.
Mai jan tawada a ƙara masa abinci,
mai baƙar tawada a wuce gadonsa.

Gado na bakwai, Evaristo Quilodrán,
shekara talatin yana sauke buhuna daga jirgi.
Lambarsa ta faɗi warwas, ja wur.
Amma a gabana ya side kwanonsa,
ya roƙi burodin maƙwabcinsa.
Gyambon ƙafarsa ne ya hura zazzaɓi,
hanta ta ajiye saƙarta ta tafi kashe gobara.
Takarda ta ga hayaƙi ta kira shi yunwa.

Gado na goma sha ɗaya, Eduvigis Paillalef.
Lambarta lafiya lau, likita ya gyaɗa kai ya wuce.
Ni kuwa da na ɗaura mata igiyar roba a dantse
sai da na kewaya sau biyu.
Zoben aurenta an naɗe shi da zare
don kada ya zame.
Ruwan jikinta ne ya ƙafe,
jini ya yi kauri kamar romon da aka manta a kan wuta,
wanda ya ɗanɗana sai ya ce an cika nama.

Na ce, me kika ci jiya?
Ta rufe baki da tafin hannu, ta dubi teku.
Kwana shida tire na zuwa, tire na komawa,
an yanki naman da wuƙa, an tura shi gefe,
babu wanda ya rubuta.

Haƙoranta na roba suna gida, cikin kofi,
can ƙolin tudu, matakala ɗari da sittin da biyu,
ɗanta yana haƙar tagulla a arewa,
kunya kuma ta hana ta aiken baƙo.

Na rubuta a ƙasan takarda da birona:
a auna dantsenta, a dubi tirenta, a ba ta mai laushi.
Na ja layi biyu.

Da na tashi aiki na karɓi makullinta.
Na huta sau uku a hanya.
Wata kyanwa ramammiya ta tare ni a ƙofa.
Kofin na nan kusa da rediyo,
ruwan ciki ya ragu rabi,
haƙoran na ta murmushi su kaɗai.
Na naɗe su a hankici,
na buɗe wa kyanwar gwangwanin kifi,
na fara saukowa.